Makin Jarrabawa da Asalin Ɗalibai a Makarantun Firamare na Gwamnati a Amurka

Kowace makarantar firamare ta gwamnati a Amurka tana da rahoto da hukumar ilimi ta jiha ke fitarwa duk shekara, wanda ke jera abubuwa biyu gefe da gefe: sakamakon jarrabawar karatu da lissafi, da kuma bayanin yaran da ke zaune a azuzuwan, wato asalinsu da launin fatarsu, da halin rayuwar iyayensu, da adadin waɗanda ba da Turanci ake magana a gidajensu ba, da masu buƙata ta musamman. Iyaye da yawa kan duba makin kawai su yanke hukunci, amma binciken da aka shafe fiye da shekara 50 ana yi ya nuna cewa matsakaicin makin makaranta ya fi bayyana irin gidajen da yaran suka fito a kan ƙwazon malamansu.

Ma'aunin talauci da aka fi amfani da shi a waɗannan rahotanni shi ne abincin rana. Tun daga 1946 gwamnatin tarayya ke tallafa wa ciyar da ɗalibai, kuma ƙa'idar ita ce yaron da kuɗin shigar gidansu bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na ƙasa ba yana cin abinci kyauta, wanda kuma bai wuce kashi 185 ba ana yi masa rangwame. Saboda haka, idan aka ga mafi yawan ɗaliban makaranta suna cikin wannan tsari, an san tana unguwar masu ƙaramin ƙarfi ne.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tabbatar da alaƙar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma da sakamakon karatu shi ne James Coleman, masanin zamantakewa a Jami'ar Johns Hopkins, wanda rahotonsa ya fito a 1966 bisa umarnin Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964. Binciken ya shafi ɗalibai fiye da 600,000 a makarantu kusan 4,000, kuma an yi zaton zai nuna cewa rashin gine-gine da kayan aiki ne ya sa yaran baƙar fata ke baya. Sai ga shi ya nuna cewa ilimin iyaye da halin gida sun fi tasiri nesa ba kusa ba, kuma a cikin makarantar kanta, abokan karatun da yaro ke cuɗanya da su suna cikin abubuwan da suka fi taɓa sakamakonsa, domin ɗan talaka ya fi ci gaba idan yana zaune tare da yaran da iyayensu ke da ilimi da rufin asiri.

Dalilin da ya sa yaran talakawa ke taruwa a makaranta ɗaya yana cikin tsarin ƙasar ne. Yawanci ana tura yaro makarantar unguwarsu, unguwannin kuwa sun rabu bisa ga dukiya da launin fata, ko da yake Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantu tun 1954. Bugu da ƙari, kusan rabin kuɗin makarantu daga ƙananan hukumomi yake fitowa, galibi ta harajin gidaje da filaye, wanda ke nufin unguwar da gidajenta ke da tsada ta fi samun abin kashewa. A 1973 kuma, a shari'ar Rodriguez daga San Antonio ta jihar Texas, kotun ta ce wannan tsari bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Tallafin da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa a 1965 domin makarantun talakawa ya rage giɓin, amma abin da tarayya ke bayarwa a yawancin shekaru bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ba.

A 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da sunanta ke nufin kada a bar wani yaro a baya, wadda ta wajabta jarrabawa duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, tare da fitar da sakamakon kowane rukuni daban. Amfaninta shi ne makarantar da ke alfahari da makinta ba ta iya ɓoye yaran talakawanta da aka bari a baya. Illarta kuwa ita ce ta hukunta makarantun da suka karɓi yaran da suka fi kowa buƙata, ko da malamansu sun yi aiki tuƙuru. Dokar 2015 da ta maye gurbinta ta mayar wa jihohi iko mai yawa, kuma jihohi da dama suna auna ci gaba, wato tazarar da yaro ya yi tsakanin bara da bana. Muhimmancin wannan ya bayyana a 2017, lokacin da Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna cewa ɗaliban Chicago, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne kuma makinsu na aji 3 yana ƙasa da matsakaicin ƙasar, sun koyi abin da ya kai na shekara 6 a cikin shekara 5.

Akwai kuma hujjoji cewa makaranta na iya sauya abin da gida ya gadar. A gwajin da jihar Tennessee ta yi daga 1985 zuwa 1989, an rarraba yara ta hanyar ƙuri'a tsakanin azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, inda yaran azuzuwan da ba su da yawan ɗalibai suka fi samun maki, kuma ribar ta fi yawa ga yaran baƙar fata da na talakawa. Haka nan a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, binciken Heather Schwartz na 2010 ya gano cewa yaran gidajen gwamnati da aka zaunar a unguwanni masu wadata sun rage kusan rabin tazarar lissafi da ke tsakaninsu da takwarorinsu kafin su gama firamare, alhali waɗanda ke makarantun da talauci ya yi yawa ba su sami irin wannan ci gaba ba, duk da ƙarin kuɗin da aka kashe musu.

Saboda haka, adalci ga malamai da yara yana buƙatar a karanta alƙaluman biyu tare: su wane ne suka shigo makarantar, a wane mataki suka shigo, kuma nawa kowane rukuni ya ƙaru a shekara. Makarantar da ta karɓi yaro yana baya da shekara biyu ta kuma matso da shi kusa da sa'o'insa ta cancanci yabo da ƙarin tallafi, ko da matsakaicin makinta bai kai na unguwar masu hali ba.