Katifar roba ga masu jiki: abin da za ku duba kafin ku biya

Yau maganar katifa za mu yi, musamman ga masu jiki, waɗanda nauyinsu ya kai kilo 100 ko ya haura. Kar kowa ya yi dariya fa. Idan katifa ta lotse a tsakiya, ƙugu nutsewa yake yi, gadon baya ya lanƙwashe, mutum ya tashi da ciwo, kuɗinsa kuma sun tafi.

Katifar da nake nufi ita ce ta lateks, wato danƙon bishiyar roba. Ana tsaga ɓawon bishiyar, farin ruwa kamar madara ya ɗigo, a kaɗa shi ya yi kumfa, a gasa a cikin mazubi. Ƙasar Tailan ce kan gaba wajen nomanta, kuma a Najeriya ma akwai gonakinta a Edo da Delta da Kuros Riba. Amma akwai wadda ake haɗawa da sinadaran man fetur. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce: ta bishiya ce, ta sinadari ce, ko gauraye?

Hanyar sarrafa ta biyu ce. Akwai Dunlop, wadda aka fara a Ingila a 1929, akwai kuma Talalay. Ta Dunlop ta fi cika da nauyi da tauri, ta Talalay ta fi laushi. Ga mai jiki, ni dai shawarata ita ce Dunlop ta zama ginshiƙi a ƙasa. Idan ana son ɗan laushi saboda kafaɗa, sai a ɗora siririn bene na inci 2 ko 3 a sama.

To, lambobi biyu za ku riƙe. Na farko cikar robar, wato nauyinta a kowace mita kubik. Mai tauri takan kai kilo 85 zuwa 95, mai laushi kuwa ba ta kai haka ba. Na biyu kauri: ku nemi inci 10 zuwa 12, domin siririyar katifa mai nauyi zai danne ta har ya ji katakon gado.

Sai dai kar ku ɗauka tauri kamar dandamalin siminti shi ne lafiya. A 2003 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda suka kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a mai tauri sosai. Abin lura shi ne, jiki ne ma'auni. Katifar da siriri zai ce ta yi tauri, mai kilo 110 zai iya jin ta daidai, kun gane?

Shi ya sa nake cewa ku gwada da jikinku. Ku kwanta minti 10 zuwa 15 yadda kuka saba barci. Idan a gefe ne, wani ya duba ko gadon bayanku ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu. Ku zauna a bakin katifar ku ga ko za ta zame da ku.

Bayan an kai ta gida, tazarar katakan gado kar ta wuce inci 3. Sannan al'adarmu ta shanya katifa a rana ba ta dace da wannan ba, rana busar da roba take yi har ta fara marmashewa. A sha mata iska a inuwa. Wanda kuma safar hannu ta roba ke sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, ya ga likita tukuna.

Kar kunya ta hana ku faɗa wa mai shago nauyinku. Ku nemi lambobin nan a rubuce, ku karɓi rasit da takardar garanti, haƙƙinku ne.