Bikin Godiya da Zumuncin Abota Tsakanin Masu Sauya Jinsi a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda wasu jama'a a Amurka, watau masu sauya jinsi, suke gudanar da Bikin Godiya idan zumuncin jini ya yanke musu. Abin nufi da masu sauya jinsi shi ne mutanen da suke rayuwa da jinsin da ba shi aka san su da shi ba ranar haihuwa. Kada a haɗa su da mata-maza, domin wannan batu ne na halittar jiki.

2.0 Matsayin Bikin

Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da Bikin Godiya na ƙasa baki ɗaya a 1863, sa'an nan a 1941 majalisa ta tsayar da shi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Ginshiƙin bikin shi ne komawa gida. 'Ya'ya da jikoki sukan taho daga nesa, a gasa talotalo, a zauna a ci tare, a gidaje da yawa kuma kowa ya faɗi abin da yake godiya a kansa. Ke nan wanda ba shi da gidan komawa, ranar nan ce maraicinsa yake fitowa fili.

Wani bincike da aka yi a 2015 a kan masu sauya jinsi 27,715 ya nuna girman al'amarin. Daga cikin waɗanda iyalinsu suka san halinsu, kashi 60 cikin ɗari sun ce ana goya musu baya, amma kashi 8 an kore su daga gida. Kashi 30 na dukkan waɗanda aka tambaya kuwa sun taɓa rasa matsuguni.

3.0 Dangin Zaɓi

Maganin da suka samo ya girmi binciken. A 1970 Sylvia Rivera da Marsha P. Johnson suka kafa ƙungiyar STAR a New York, suka kama gida suna kwantar da matasan da ke gararamba a titi, suna ciyar da su. A cikin shekarun nan ne kuma aka soma kafa wasu ƙungiyoyi a unguwar Harlem da ake kira "gidaje", irin su gidan LaBeija, inda babba take zama "uwa", na ƙasa su zama "'ya'ya". Masaniyar al'adu Kath Weston ta yi nazarin irin wannan dangantaka a San Francisco, ko da yake ta fi mai da hankali ga masu neman jinsinsu, littafinta na 1991 ya yaɗa sunan "dangin zaɓi".

Ranar biki sai irin waɗannan abokai su taru a gidan ɗayansu, a yi karo-karo, kowa ya zo da abin da ya dafa. Tsarin bikin yana nan yadda yake, masu zama ne suka sake. Godiyar takan tafi ga wanda ya ba da ɗaki lokacin kora, ko ya raka mutum asibiti, ko ya kira shi da sunan da ya zaɓa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A nan ma aiki ne yake tabbatar da ita.

4.0 Makoki Kafin Godiya

Akwai wani abin lura. Ranar 28 ga Nuwamba 1998, kwana biyu bayan bikin shekarar, aka kashe Rita Hester a Boston. Dalilin haka Gwendolyn Ann Smith ta assasa ranar tunawa da waɗanda aka kashe a 1999, ana kuwa yin ta kowace 20 ga Nuwamba. Tun da Bikin Godiya yana faɗowa tsakanin 22 da 28 ga wata, kwana biyu zuwa takwas ne kawai tsakaninsu. Mutanen da suka kunna kyandir suna karanta sunayen mamata, su ne za su zauna cin abinci tare. Saboda haka ganin aboki da rai ma abin godiya ne.

5.0 Kammalawa

Darasin da mai nazarin zamantakewa zai ɗauka shi ne, biki ma'auni ne na zumunci: yana nuna wanda aka kira da wanda aka bari. Inda dangi suka janye, abokai sukan ɗauki nauyinsu, har da sunayen uwa da ɗa.