Fedar Burkin Tsohuwar Motar Amurka: A Dubi Hannun Sitiyari Tukuna

Manya a ƙasar Daura sun tuna zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, sa'ad da Chevrolet da Pontiac da Ford suke cikin motocin girma a Arewa. Wanda ya gaji irinsu a Sandamu, yana so ya tashe ta, ba injin ne zai fi wahal da shi ba. Ƙaramin ƙarfen nan ne da ƙafa ke takawa, watau fedar burki, da sandar da ke tura mai daga tukunyar burkin.

Ga dalili. Kafin 2 ga Afrilu, 1972, ta hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, saboda haka yawancin motocin da aka kawo sitiyarinsu yana dama. Irin waɗannan kuwa da yawa ba a Amurka aka haɗa su ba, a Kanada ne, kamfanin General Motors a Oshawa yana yi wa ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. To, ƙarfen da fedar ke rataye a kai a mota mai sitiyari a dama dabam yake da na 'yar'uwarta ta Amurka. Mutum ya aika da kuɗi, a kawo masa kaya, ya tarar ramukan kusoshi sun juya masa baya. Abin da ya fi wannan ruɗarwa, Pontiac ta Kanada a kan gindin Chevrolet aka gina ta, don haka kayan Chevrolet za a nema mata, ko da me aka rubuta a goshinta.

Sa'an nan a san shekara. Ford ba ta soma burkin mai ba sai 1939, Chevrolet kuwa tun 1936. Fedar dā ta cikin daɓen mota take fitowa. Ford ta rataye tata daga sama a 1952, Chevrolet a 1955. Mota mai canja giya da kanta fedarta ta fi faɗi, don ba kuloci kusa da ita.

Shawararmu ga malamai da akawuna, tun da su a kan kawo wa takarda su karanta, ita ce kada su yarda da ƙwaƙwalwar mai mota. A goge allon ƙarfen da ke jikin motar a kwafi lambarsa, a kwafi lambar da aka zuba a jikin tukunyar, a cire tsohuwar fedar a tafi da ita Ƙofar Ruwa a Kano a gwada. Robar takawa da fil, bakanike ya iya samo madadinsu. Amma fedar da ta tsage ba mu yarda a kai ta wurin mai walda a bakin hanya ba, balle a ƙara mata tsawo: tsawon fedar, in aka gwada shi da tazarar da ke tsakanin fil da ramin sandar, shi ke ninka ƙarfin ƙafa wajen sau 6, in an sauya shi kuwa motar ba za ta tsaya inda direba ya nufa ba.