Kwana 40 ko 55? Yadda Maƙwabtan Hausawan Jazira Suke Azuminsu

Ranar Litinin 11 ga Maris 2024 azumi biyu suka kama tare a Sudan. Musulmi sun tashi da ɗaya ga Ramadan, Kiristoci Kibɗawa kuma suka shiga nasu da suke kira Babban Azumi. Musulmi suka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, Kibɗawa kuwa ba su sauke ba sai 5 ga Mayu. 'Yan Katolika sun riga kowa, sun fara tun 14 ga Fabrairu, suka yi bikin Ista ranar 31 ga Maris, daidai shigar goman ƙarshe na Ramadan. Biki ɗaya Kibɗawa da Katolika suke nufa, amma ga mako biyar a tsakaninsu, kuma wannan ya ce kwana 40 ya yi, wancan ya ce 55.

Ƙauyukan Hausawan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu na Musulmi ne. Mafi shahara shi ne Mai Wurno, kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Wasu kakannin niyyar Hajji ta fito da su, aikin auduga ya tsayar da su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Kiristan da Bahaushen Jazira ya sani a birni yake gamuwa da shi, a kantin magani ko kasuwar Wad Madani, a tashar mota a Sinnar ko Damazin. Akwai Kibɗawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Masar tun zamanin mulkin Turkawa da ya fara a 1821, wasu kuma bayan 1898 a matsayin akawu da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa. Akwai 'yan Katolika da 'yan Angilikan, akasarinsu 'yan asalin Kudu da duwatsun Nuba, akwai Habashawa da Iritiriyawa. Addinin Kirista ma ba baƙo ba ne a Shuɗin Nilu: Soba, hedkwatar daular Alwa ta Kirista, tana gaɓarsa, kuma daular ta ɗauki ƙarnuka tana mulki kafin Funj su kafa Sinnar wajen 1504.

Tushen azumin labari ne da ke cikin Linjilar Matta da ta Luka, cewa Yesu Almasihu ya yi kwana 40 a jeji bai ci ba kafin ya fara wa'azi. Kiristocin farko ba su yi haka nan take ba. Kwana ɗaya ko biyu suke kamewa kafin Ista, ranar da bisa imaninsu Almasihu ya tashi daga matattu. Abu biyu suka tsawaita shi. Masu shiga addinin a daren Ista ake yi musu baftisma, don haka sai an ba su makonni na karatu da kamewa. Masu manyan laifuffuka kuma ana keɓe su na wani lokaci, su sa tsumma su zuba toka a ka, kafin a mayar da su cikin jama'a. Da tafiya ta yi tafiya sai jama'a duka suka shiga sahun waɗannan biyun. A shekarun 330, Atanasiyus, babban limamin Iskandariyya, yana aika wasiƙa kowace shekara yana sanar da ranar Ista, kuma a cikin wasiƙun nan an ga yana kiran mutane zuwa azumin kwana 40.

Wajen ƙirga kwanakin ne hanya ta rabu. Cocin Rum, wato na Katolika, ba ya azumi ranar Lahadi, domin ranar murna ce. Mako shida kwana 42 ne, a cire Lahadi shida saura 36. Don a cike gibin sai aka ja farkon baya da kwana huɗu, ya faɗo kan Laraba. Ita ce Larabar Toka. Wanda ya ƙirga da kalanda zai samu kwana 46, na azumi a ciki 40.

Kibɗawa ƙari suka yi, ba ragi ba. Arba'in ɗin nan suna ƙirga ta a jere, har Asabar da Lahadi, ta ƙare ranar Juma'a. A gabanta akwai mako guda na shiri, wanda wasu ke dangantawa da Sarki Hirƙal na Rum, wancan dai da Musulmi suka sani a hadisi. Wasu kuma suna cewa ramuwar Asabar ɗin da ba a wuni da yunwa ne. A bayanta kuma akwai kwana takwas, daga Asabar ɗin da suke kira ta Li'azaru zuwa jajiberin Ista. Bakwai da arba'in da takwas, 55 ke nan. Habashawa ma haka suke yi, suna kiransa Hudade.

Ranar farawa kuwa Ista ce ke yanke ta, ita kuma Ista rana da wata ne suka haɗu suke tsayar da ita. Ƙa'idar da ake jingina wa taron malaman coci na Nikiya a 325 ita ce: a jira 21 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita, a jira wata ya cika, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Kowa ya yarda da wannan. Amma a 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara kalanda, cocin Gabas kuma suka ci gaba da lissafi da tsohuwar, wadda yanzu take baya da kwana 13. Abin da Kibɗawa ke ɗauka 21 ga Maris ya zama 3 ga Afrilu a kalandar da ke rataye a bango. In wata ya cika a tsakanin ranakun biyu, Katolika su kama shi, Kibɗawa su jira na gaba. Abin da ya faru a 2024 ke nan. A 2025 kuwa lissafi ya haɗu, kowa ya yi Ista ranar 20 ga Afrilu.

Wannan ɗauri da aka yi masa da rana shi ya hana azumin yawo. Ramadan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ya zagaye damina da hunturu da bazara cikin shekara 33. Na Kirista ba ya barin tsakanin Fabrairu da farkon Mayu. A Turai lokacin fitar sanyi ne da tohuwar itatuwa. A Jazira yana farawa da wutsiyar hunturu, ya ratsa girbin alkama a Maris, ya ƙare cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

A cocin Katolika, ko a Wad Madani ko a Zariya ko Maraɗi, tsarin ɗaya ne. Ranar Larabar Toka Fada yana dangwala toka a goshin kowa da siffar gicciye, yana tuna masa daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Tokar ba ta murhu ba ce: ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke gaban Ista, ake ajiyewa a ƙone. Tufafin limami su koma shunayya, a daina rera Halleluya har daren Ista. Kowace Juma'a a bi Hanyar Gicciye, wato tsayuwa 14 a gaban hotuna 14 da ke jere a bangon coci, kowace da addu'arta da durƙusonta. Dokar ci kuwa ta yi sauƙi tun gyaran da Fafaroma Bulus na 6 ya yi a 1966. Azumin dole kwana biyu ne, Larabar Toka da Juma'ar da ake tuna gicciyewa, kuma ma'anarsa cikakken abinci sau ɗaya da ɗan taɓawa sau biyu. Ruwa ba ya karya shi. Nama ake bari ranakun Juma'a. Sauran an bar wa mutum ya zaɓi abin da zai haƙura da shi, shayi ne ko sigari ko gulma, ya ba da kuɗin sadaka in abin na kuɗi ne. 'Yan Angilikan, waɗanda ke da bishop a Wad Madani, kusan haka suke bi, kamar 'yan'uwansu na Wusasa.

Na Kibɗawa ya fi ɗaure mutum. Kwana 55 ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, ba cuku, kifin ma da ake yarda da shi a wasu azuminsu a wannan an hana. A gidajensu abinci kashi biyu ne, siyami da fiɗari, na azumi da na sakewa. Sudan ta sauƙaƙa musu ta wani gefen, domin abincin talaka a can kusan duk siyami ne: ful da man riɗi, ɗa'amiyya wadda 'yar'uwar ƙosai ce, miyar adas, kisra da miyar busasshiyar kuɓewa in an cire mata busasshen nama. Mai agashe, wato tsiren da Hausawa suka kai Sudan, shi ne dai ba zai ga wannan abokin ciniki ba sai bayan Ista.

Ban da nau'in abinci akwai wuni da yunwa. Daga Litinin zuwa Juma'a ba ci ba sha daga tsakar dare zuwa wani lokaci da mutum zai yanke tare da limamin da yake kai wa tubansa: wani azahar, wani la'asar, mai ƙarfi faɗuwar rana. Dabarar da ke riƙe jama'a a kan wannan tana cikin lokacin ibada. Ba a karɓar Jibin Ubangiji sai da ciki wayam, don haka a kwanakin azumi sai a mayar da babbar addu'a, wadda suke kira Ƙuddas, daga safe zuwa bayan azahar. Mai son karɓa dole ya jira. A cikin coci maza suna gefe, mata suna gefe da kallabi, ana cire takalmi kafin a kusanci bagade, ana rera waƙa da Larabci da tsohon harshen Kibɗawa, ba ganga ba molo sai ƙananan faifan ƙarfe da ake bugawa. Kuma ana sujada, goshi har ƙasa, a miƙe a sake. Bahaushen da ya leƙa zai ga abubuwan da idonsa ya saba da su fiye da yadda ya zata.

Makon ƙarshe shi ne ƙololuwa. Ranar Lahadin Dabino, bayan an gama murna da ganyen da aka kitsa, sai a yi wa jama'a duka addu'ar jana'iza a dunƙule, saboda duk wanda ya rasu cikin makon ba za a yi masa tasa ta musamman ba. A rataya baƙin ƙyalle a ginshiƙai, a fito da addu'a daga wajen bagade zuwa tsakiyar coci. Ranar Juma'a a wuni ana karatu, a rufe da sujada 400, ɗari ga kowace kusurwa ta duniya.

Ba kowane Kirista ne ke yin wannan ba. A kudancin jihar Shuɗin Nilu, mishan ɗin SIM ya shiga cikin ƙabilar Uduk a ƙarshen shekarun 1930, shi ne kuma mishan ɗin da ECWA ta Najeriya ta fito daga gare shi. Coci-cocin wannan layi ba su wajabta azumin ba. Suna ganin ba umarnin Littafi Mai Tsarki ba ne, al'adar coci ce. Suna bikin Ista, azumi kuma kowa ya yi lokacin da ya ga buƙata.

A 2024, shekarar da azumin biyu suka zo tare, Wad Madani tana hannun dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin Sudan, waɗanda suka kama ta a Disamba 2023 har sojoji suka ƙwace ta a Janairu 2025. Mutanenta da yawa, Musulmi da Kirista, a gudun hijira suka yi nasu.

Ana yawan tambayar wanne ya fi wuya, na Musulmi ko na Kirista. A ganina tambayar ta tsallake wani abu, domin babu azumin Kirista guda ɗaya da za a aza a sikeli. Ramadan ƙishirwa yake gwadawa, ya saki mutum da magariba ya ci abin da ya samu. Na Kibɗawa bai kai shi tsananin wuni ba ga yawancin mutane, amma ba ya sakin tukunya dare da rana har kusan wata biyu. Na Katolika a yau ya fi dogara ga abin da mutum ya ɗora wa kansa.

Kibɗawa suna buɗe baki ne bayan addu'ar daren Ista, wajen tsakar dare, da nama. Washegarin Ista, Litinin, ita ce Shammun Nasim, ranar fita bakin kogi da dafaffen ƙwai mai launi da kifi mai gishiri, al'adar da ta zo daga Masar kuma Musulmi da yawa ke yi. Daga nan kwana 50 ba azumi ko na Laraba da Juma'a da suka saba, ba kuma sujada. Ranar Litinin da ta biyo bayan cikar hamsin ɗin sai su shiga Azumin Manzanni, wanda ke kai su 12 ga Yuli.