Tarin fuka: yadda gwajin ADN ke gano ainihin ƙwayar cutar

Ba duk tarin da ya yi kama da tarin fuka ne tarin fuka ba. Ƙwayar da ke haddasa shi, wadda Robert Koch ya gano a 1882, tana da dangi fiye da 150, waɗanda likitoci ke kira mikobakteri. Yawancinsu a ruwa da ƙasa suke rayuwa, amma wasu kan kama huhun mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai sida.

Matsalar ita ce, idan aka shafa wa kakin majinyaci launi aka duba shi da mikroskop, duk kamarsu ɗaya. Renon ƙwayar a ɗakin gwaji kuma yakan kai makonni 8. Kafin nan majinyaci na iya shafe watanni yana shan maganin da ba na cutarsa ba, domin maganin tarin fuka na watanni 6 ba ya kashe yawancin waɗannan dangin.

A nan gwajin ADN ke shigowa. Kowace ƙwaya tana da nata tsarin gado, kamar zanen yatsa. Na'ura takan ɗauki ɗan guntun ADN daga kaki, ta ninka shi sau miliyoyi ta hanyar da ake kira PCR, sannan ta karanta shi.

Wadda aka fi sani ita ce GeneXpert, da hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da ita a 2010. Cikin awa 2 takan nuna ko ƙwayar tarin fuka ce, da kuma ko ta bijire wa rifampisin, jigon magungunan cutar. Sai dai ba ta faɗar sunan sauran dangin. Wannan aikin wasu gwaje-gwajen ADN ne a manyan ɗakunan gwaji.

Bambancin yana da amfani ko a ƙasar makiyaya kamar Nijar. Nau'in da ake ɗauka daga madarar shanu da ba a tafasa ba, Mycobacterium bovis, ba ya jin pirazinamid, ɗaya daga cikin magunguna 4 da ake fara bayarwa.

Don haka duk wanda ya wuce makonni 2 yana tari, ya je asibiti a gwada kakinsa, maimakon sayen ƙwayoyi a bakin titi.