Kufai A Bakin Ruwa: Yadda Ake Gane Ginin Mutanen Da

Fatake da ma'aikatan hukuma da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Illela, su ƙetare zuwa Birnin Konni da Tawa har Agadas, sukan ci karo da duwatsu jere a kusa da marmaro ko tsohuwar rijiya. Wasu su ce aikin aljannu ne, wasu su ce kabarin waliyyi ne, wasu kuwa su ɗauko diga da dare don neman dukiya. Duka ukun nan rashin sani ne ke kawo su. Asalin al'amarin shi ne mutum ba ya zama sai inda ruwa yake, saboda haka a nan yakan bar alamarsa.

Tarihi ya tabbatar da wannan. A Azelik, can arewa maso yamma da Agadas, akwai idanun ruwa da kufan gidaje da masallatai na dutse. Masana da yawa suna ganin nan ne Takedda, garin tagulla da Ibn Battuta ya sauka a 1353, ya kuma ba da labarin cewa da jan dutse aka gina gidajensa. A nan Jihar Sakkwato ga Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, wanda aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964. Alhazai kuma sun ga ragowar Ainu Zubaida, hanyar ruwan da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina don shayar da mahajjata a Makka da Arfa. Duk waɗannan hannun ɗan Adam ne ya yi su.

To, yaya za a rarrabe? Da farko a dubi fuskar ginin. In yana da kusurwa huɗu, da ɗan lungu a tsakiyar bangon gabas, ya ɗan karkata zuwa arewa, wannan mihrabi ne, wurin kuwa masallaci ne, ko da jerin duwatsu ne kawai irin wanda matafiya kan shata a zango. Na biyu, kabarin Musulmi a ƙasarmu tsawonsa kudu da arewa yake, domin mamaci yana kwance a kan damansa yana fuskantar alƙibla. Tulin duwatsu mai da'ira kuwa, irin wanda ya yawaita a ƙasar Azbin, galibi kaburbura ne na kafin zuwan Musulunci. Na uku, bakin rijiya ana gane shi da gurbin da igiyar guga ta ci a jikin dutse. Na huɗu, a dubi ƙasa: katanga da kashin maƙera da dutsen niƙa suna nuna an yi zaman gari, ba zango kaɗai ba.

Sai dai a yi hattara, ba kowane jerin duwatsu ne tsoho ba. A ƙasar Adar, aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 ya jera duwatsu masu yawa a gonaki da gangaren tuddai don tare zaizayar ƙasa. Wanda ya tambayi dattawan wurin zai huta da ƙage.

Game da hukunci, kabari yana da alfarma, ba a tona shi, ba a kwashe duwatsunsa a yi harsashin shago. Haka kuma ba a yanka dabba a wurin, ko a ɗaura tsumma, ko a roƙi biyan bukata, don kawai ba a san wanda ya gina shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi mai tsanani a kan girmama duwatsu da itatuwa. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin rikazi, watau dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, cewa ana fitar da humusinta, kashi ɗaya cikin biyar. Amma wannan bai zama lasisin rushe kufai ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙa irin waɗannan wurare ba tare da izini ba, da kuma fitar da kayan tarihi zuwa waje. Wannan ya shafi ma'aikatan kan iyaka musamman.

Wanda ya ga irin wannan gini, ya bar kowane dutse a inda yake, ya lura da fuskarsa da girmansa, ya sanar da hakimi ko mai gari, su kuma su kai magana gaba. Dutse in ya bar mazauninsa, shaidarsa ta ɓace, ba kuwa mai iya mayar da ita.

Allah Ya sa mu zama masu lura da wa'aztuwa da waɗanda suka gabace mu, amin.