Window.crypto

Window.crypto ɓangare ne na burauza wanda shafukan intanet ke kira ta harshen JavaScript domin ayyukan tsare bayanai, kamar ƙirƙirar mabuɗan sirri, ɓoye saƙo da sa hannu na lantarki. Sunan ya ɗauki abubuwa biyu mabambanta a tarihinsa. Da farko tarin ayyuka ne da kamfanin Netscape ya ƙirƙira a shekarun 1990, Mozilla ta gada ta ci gaba da su a Firefox, ba tare da sauran masu burauza sun amince da su a matsayin ƙa'ida ba. Daga baya sunan ya koma kan Web Cryptography API, ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta tabbatar a watan Janairun 2017. Tsofaffin ayyukan suna iya amfani da mabuɗin da ke cikin kati mai ƙwaƙwalwa. Sabuwar ƙa'idar ba ta yin haka, kuma wannan giɓi ya shafi hukumomi da bankunan da suka gina hidimominsu a kan irin wannan kati.

Mabuɗi, takardar shaida da kati

Sa hannu na lantarki ya dogara ne a kan mabuɗai biyu masu alaƙa da juna ta lissafi. Ɗaya na sirri ne, mai shi kaɗai ke riƙe da shi, da shi ake sa hannu. Ɗayan na fili ne, kowa na iya samunsa domin tantance cewa sa hannun na gaskiya ne. Takardar shaida ta lantarki ita ce ke haɗa mabuɗin fili da sunan mutum, kuma wata hukuma da aka yarda da ita ce ke bayar da ita.

Idan mabuɗin sirri yana ajiye a fayil cikin kwamfuta, muguwar manhaja na iya kwafe shi mai shi bai sani ba. Kati mai ƙwaƙwalwa, irin wanda aka saba gani a katin ATM da layin waya, yana magance wannan. Mabuɗin yana zaune a cikin ƙwaƙwalwar katin kuma ba ya fita. Kwamfuta tana aika wa katin taƙaitaccen lissafin takardar da za a sa wa hannu, mai katin ya shigar da lambar sirrinsa, katin ya yi lissafin da kansa ya mayar da sakamako kawai. Manhajoji da dama suna magana da irin waɗannan katuna ta ƙa'idar PKCS#11, wadda RSA Laboratories ta fara fitarwa a 1995, kuma Firefox ma ta wannan hanya take ganin katin da aka saka a na'urar karantawa.

Tsofaffin ayyukan

Mafi shahara a cikinsu shi ne signText. Shafi zai miƙa wa burauza rubutu, misali umarnin tura kuɗi ko takardar haraji, sai burauzar ta buɗe tagarta ta nuna wa mutum rubutun, ya zaɓi takardar shaidarsa, ya amince. Tagar ta burauza ce, ba ta shafin ba, don haka shafin ba zai iya nuna wani abu ya sa a sa hannu a kan wani abu daban ba. Akwai kuma generateCRMFRequest mai ƙirƙirar sababbin mabuɗai tare da takardar neman shaida, da importUserCertificates mai shigar da shaidar bayan hukuma ta bayar. Wani saiti mai suna enableSmartCardEvents yana sanar da shafi duk lokacin da aka saka kati ko aka zare shi, ta yadda shafin banki zai iya rufe kansa da zarar mai kati ya tashi.

Kusa da waɗannan akwai alamar keygen ta HTML, ita ma daga Netscape, wadda ke ƙirƙirar mabuɗai a cikin fam ɗin rajista. Microsoft ba ta taɓa saka ta a Internet Explorer ba, ta bi tata hanyar ta ActiveX. Saboda haka hukumar da ke son kowa ya iya amfani da shafinta sai ta rubuta aiki ɗaya sau biyu ko uku, ko kuma ta koma ga ƙananan manhajojin Java da ke gudana a cikin shafi ta hanyar filogin.

Yadda aka cire su

Mozilla ta cire ayyukan window.crypto na kashin kanta a Firefox 33, wadda ta fito a watan Oktoban 2014. Shafukan da ke dogaro da signText suka tsaya cak, sai aka mayar da ayyukan na ɗan lokaci a Firefox 34 a watan Disamba, tare da sanarwar cewa za a sake cire su a Firefox 35. Wannan kai-komo ya nuna wata matsala da masu burauza ke yawan fuskanta. Aikin da ƙididdiga ta nuna kusan ba a amfani da shi yana iya zama shi ne kaɗai hanyar da wani ɗan kasuwa ke biyan haraji. Shafukan cikin gida na hukumomi da kamfanoni ba sa bayyana sosai a irin wannan ƙididdiga.

A daidai wannan lokaci sauran hanyoyin ma suna rufewa. Google ta kawar da tsarin filogin na NPAPI daga Chrome 45 a watan Satumban 2015, abin da ya kashe Java a wannan burauza. Firefox 52 ta bi sahu a watan Maris na 2017, ta bar Flash kaɗai. An cire keygen daga Chrome 57 a 2017, sannan daga Firefox 69 a 2019.

Dalilan cirewar sun wuce tsufan lambar manhajar. Tsaron intanet ya ginu ne a kan dokar cewa kowane shafi iyakarsa nasa, ba ya taɓa bayanan wani shafi. Katin shaida kuwa ɗaya ne, kuma ko a wane shafi aka yi amfani da shi sunan mutum ɗaya zai nuna. Idan kowane shafi zai iya neman katin, to zai iya sanin ko wane ne mai ziyara, kuma shafin 'yan damfara zai iya neman sa hannun da zai yi aiki a wani wuri daban. Ita kuwa keygen tana ba wa shafi damar ajiye mabuɗi a ma'ajiyar da ta wuce iyakar shafin, kuma tana amfani da lissafin MD5 wanda masana suka daɗe da karya shi.

Sabuwar ƙa'ida

Web Cryptography API tana ba da getRandomValues domin samar da lambobin da ba a iya hasashensu, da kuma sashen crypto.subtle mai ɗauke da ɓoye saƙo, buɗe shi, sa hannu, tantancewa da ƙirƙirar mabuɗai, ta hanyoyin lissafi irin su AES, RSA, ECDSA da SHA-256. An zaɓi sunan sashen ne domin gargaɗi, saboda ƙaramin kuskure wajen haɗa waɗannan ayyuka yana iya rushe tsaron gaba ɗaya ba tare da wata alama ba. Sashen yana aiki ne a shafukan da ke kan HTTPS, kuma mabuɗin da shafi ya ƙirƙira na wannan shafin ne kaɗai. Ana iya sa mabuɗi ya zama wanda ba ya fita daga burauza, amma babu hanyar neman mabuɗin da ke cikin kati. W3C ta yi taron bita kan wannan batu a watan Satumban 2014, sai dai bai kai ga ƙa'idar da dukkan masu burauza suka karɓa ba. Hatta WebUSB ta Chrome, wadda ke ba shafi damar magana da na'urorin USB, ta toshe na'urorin karanta kati.

Abu ɗaya bai canza ba: har yanzu ana iya shiga shafi da kati a lokacin ƙulla haɗin TLS, inda burauza ke tambayar takardar shaida da lambar sirri. Amma shiga shafi daban, sa hannu a kan takarda daban. WebAuthn, wadda W3C ta tabbatar a watan Maris na 2019, ta dawo da na'urorin tsaro cikin burauza ta wata fuska. Tana ƙirƙirar mabuɗi dabam ga kowane shafi, don haka ba a iya bin diddigin mutum da ita. Wannan ne kuma ya sa ba ta maye gurbin signText ba, domin kotu na buƙatar sa hannun da ke ɗauke da sunan mutum ne.

Ƙasashen da abin ya fi shafa

Estoniya ta fara raba katin shaidar ɗan ƙasa mai ƙwaƙwalwa a 2002, kuma dokar ƙasar ta ba sa hannun lantarki na katin matsayin sa hannu da alƙalami. Da filogin ya mutu, sai ƙasar ta koma ga tsari mai hawa biyu. Ana saka ƙari a burauza, shi kuma ya yi magana da wata manhaja da aka girka a kwamfuta, ita ce ke taɓa katin. Web eID, tsarin da ake amfani da shi a can, a kan wannan hanya yake tafiya. A Sifaniya shafukan gwamnati suna kiran manhajar AutoFirma, wadda ke buɗewa a wajen burauza ta yi sa hannun ta mayar wa shafin.

Labarin Koriya ta Kudu ya fi tsawo da tsada. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da dokokin Amurka suka taƙaita ƙarfin tsaron burauzojin da ake fitarwa waje, ƙasar ta ƙirƙiri nata lissafin mai suna SEED, aka kuma shigar da shi ta ActiveX. Harkar banki da sayayya ta intanet suka ɗaure da Internet Explorer tsawon shekaru, har bayan an sassauta dokokin na Amurka. Sai a watan Disamban 2020 gyaran doka ya soke fifikon da takardun shaidar hukuma ke da shi, kimanin shekara ɗaya da rabi kafin Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a watan Yunin 2022.